In aboki ya nemi rance, a rubuta ko baki ya isa?

Tela Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure, manya da yara. Ina da tambaya, kuma da gaske nake neman amsa. A Zangon nan namu na Kumasi kowa ya san kowa. Mun san uban mutum, mun san gidan da aka haife shi, mun san makarantar allon da ya yi, mun ci tuwon aurensa. Duk da haka ba a rufa wata sai ka ji abokai biyu da suka tashi tare sun daina gaisawa, ko a kan kuɗi, ko fili, ko wata magana da aka yi a asirce ta fita. To wannan sanin da muke taƙama da shi, me muka sani? Sannan in amininka ya zo neman rance, ko ya ce ku haɗa jari, ka ce masa a rubuta a sa shaidu, ka ci mutuncin abotar ne ko ka kare ta? Ni a ganina ka kare ta. Na faɗi haka a wurin shan ataya, wato shayi, aka yi mini ca, wai duk wanda ya nemi takarda a hannun amininsa dama can bai yarda da shi ba.

Direban Bawku:
Wa alaikumus salam. Ni ina bayan 'yan ataya. Mutumin da muka ci a kwano ɗaya tun muna yara, ya san inda nake ajiye makullin ɗakina, in ya zo da damuwa in ce masa ya sa hannu? Kunya ma ba za ta bar ni ba. Kakanninmu sun yi fatauci daga Kano har nan ba takarda ba lauya.

'Yar Asawase:
Yaya Direba, kunyar nan ita ta kashe zumunci da yawa a unguwarmu. A ji kunya ranar bayarwa, a zo a yi tsiya ranar karɓa.

Alhaji Mai Goro:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Jikana ne yake rubutawa ni ina faɗa, ku yi haƙuri da tsawo.

Ɗana Direba, gaskiya ka faɗa, kakanninmu sun yi fatauci ba takarda, amma rabin zancen ka ɗauko. Ayarin da ke tasowa daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja watanni yake yi a hanya, ya ratsa Borgu, ya biyo ta Sansanen Mango da Yandi, kafin ya sauka Salaga. Su kawo kanwa da tufafin rini da fatu, su koma da goro. Bafatake ya iso garin da ba ya jin yarensu, da dukiyar da rabinta ma ba tasa ba ce. Wa zai riƙe masa? Maigidan da ya sauke shi. Shi zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo dillali, ya yi lamuni in an ɗauki kayan bashi. In mai saye ya gudu, maigida ne zai biya daga aljihunsa, don in bai biya ba baɗi ba baƙon da zai sauka gidansa.

Da Salaga ta watse bayan yaƙin basasar 1892 mutane suka bazu, wasu Kete Krachi, wasu Accra, wasu nan Kumasi, musamman bayan Turawa sun shigo garin a 1896 Zango ya fara cika. Da wannan tsari suka taho. Har lokacin da na buɗe ido a kasuwa haka ake yi, a goro da a shanu. Mahauci ya karɓi sa yau, ya yanka, ya sayar, ya kawo kuɗi bayan kwanaki, mai shanu yana kwance a gidan maigidansa yana jira hankali kwance.

To amma ku lura. Ba a ƙuryar ɗaki ake cinikin ba daga kai sai shi. A gaban dillali ake yi, a gaban maigida, a gaban mutanen da suka ji an taya suka ji an sallama. Wanda kuwa ya ci kuɗin baƙo sau ɗaya ya gama ciniki a Kumasi. Labarinsa zai riga shi isa Bawku da Legas, ba maigidan da zai sake tsaya masa, ba mai ba shi 'ya. Mutum ba shi da inda zai gudu, domin duk zangon da ya sauka akwai wanda ya san ubansa. Yanzu yaro zai ci kuɗin abokinsa, ya jefar da layin waya, ya hau motar dare zuwa Accra, ya kama ɗaki a Madina ko Kasoa, a can ya zama sabon mutum. Abin da ke riƙe da yardar da babu shi, sai mu ce za mu yi yardar irin ta da? Ɗana Tela, ka rubuta. Kuma ka kira mutum biyu su zauna, don ni shaidu sun fi mini takardar kanta.

Direban Bawku:
Allah ya ƙara girma Baba Alhaji. Na ji kuma na ƙaru. Sai dai maigida da bafatake abokan ciniki ne, kowa yana neman ribarsa. Ni maganar amini nake yi, wanda ba riba ta haɗa ku ba.

Malamin Makaranta:
Allah ya saka wa Baba Alhaji da alheri. Direba ɗan'uwana, aya mafi tsawo a Alƙur'ani gaba ɗaya, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Su wa aka fara yi wa magana da ita? Sahabbai a Madina, mutanen da Ansar cikinsu suka raba gidajensu da dukiyarsu da Muhajirai. In akwai waɗanda yardar da ke tsakaninsu ta isa a ce ba sa bukatar rubutu, su ne. Amma aka ce su rubuta, ƙarami ne ko babba, da ajalinsa, a kafa shaidu, kuma wanda ake bi shi ne zai faɗi abin da za a rubuta. Dalilin da ayar ta bayar shi ne hakan ya fi adalci, ya fi tsayar da shaida, ya fi kusa da hana shakka. Ba ta tuhumi kowa da sata ba. Mutum yana mantuwa, yana ciwo, yana mutuwa.

Don in yi adalci, mafi yawan malamai sun ɗauki wannan umarni a matsayin abin so, ba wajibi ba, saboda ayar da ke biye ta ce in sashenku ya amince wa sashe, to wanda aka amince wa ya mayar da amanarsa. Don haka ba zan ce wanda bai rubuta ba ya yi zunubi ba. Amma wanda ya nemi a rubuta ba a isa a ce ya ɓata abota ba, umarnin Ubangijinsa ya bi.

Game da tambayar Tela ta farko, an ruwaito cewa wani ya zo yana yabon wani mutum a gaban Sayyidina Umar, ya ce ya san shi. Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ya ce a'a. Ko sun yi tafiya tare, ya ce a'a. Ko sun yi mu'amalar dinari da dirhami, ya ce a'a. Sai Umar ya ce wataƙila a masallaci ka gan shi yana sunkuyawa yana ɗagowa, ya ce haka ne. Umar ya ce to ba ka san shi ba. Yawancin sanin da muke yi wa juna a Zango na gaisuwa ne da sahun salla da wurin suna.

Hajiya Mai Atamfa:
Allah gafarta Malam, bari mu ma mata mu sa baki, don mu ne muka fi kowa yin harkar yarda a garin nan. Susun, wato adashin, da muke yi a kasuwar Kejetia, mu kanmu muke haɗa kuɗi duk mako mu ba mutum ɗaya, ba banki ba ɗan sanda. Amma ko mu muna da littafi. Uwar adashi tana rubuta wa ta zuba, wa ta kwasa, kuma ba a shigar da sabuwa sai wata tsohuwa ta tsaya mata. Ba wadda ta taɓa cewa littafin nan cin fuska ne.

Abu biyu zan ƙara. Tun da aka canza kuɗi a 2007, sidi dubu goma na da ya koma sidi ɗaya, har yau mu manya da tsohon lissafi muke magana. Ni in na ce miliyan goma, sidi 1,000 nake nufi. Yaran yanzu ba haka suke ji ba. Na ga rigimar da ba komai ya kawo ta ba sai wannan, uwa ta faɗi adadi da tsohon kuɗi kafin ta rasu, 'ya'yanta suka ji da sabo, suka je suna tuhumar ƙawarta ta shekara da shekaru. Baiwar Allah tana kuka tana rantsuwa, ba wanda zai raba gardama.

Ga na biyun. Ɗana Direba, takardar nan ba don amininka kake yin ta ba. Kai da shi kun san juna. 'Ya'yanka da 'ya'yansa fa? Matarsa fa? Ranar da ɗayanku ya kwanta dama, su ne za su zauna a gaban malamai ana rabon gado, kowa yana cewa Baba ya faɗa mini kaza.

Alhaji Mai Goro:
Hajiya ta taɓo mini inda ke yi mini ciwo. Ku yara ba ku ga 1969 ba. Ranar 18 ga Nuwamba gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Ina saurayi lokacin. Mutanen da aka haifa a nan, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato ko Ilori ba, suka ɗaure kaya. Tasha ta cika da mata da yara. Cikin mako biyu wa zai sayi gidanka da daraja? Wasu suka sayar a wulaƙance, wasu suka miƙa wa maƙwabci makulli suka ce ga amana, sai Allah ya sake haɗa mu.

Na san wanda ya riƙa karɓar kuɗin haya yana aikawa Nijeriya ta hannun direbobin goro shekara da shekaru, har mai gidan ya rasu ya ci gaba da aika wa 'ya'yansa. Na kuma san gidan da 'ya'yan mai shi suka dawo aka ce musu ubanku ya sayar, ba takarda, shaidun duk sun mutu. Har yau jikokin gidajen biyu ba sa zuwa sunan juna. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da a ce kafin ranar an tara mutanen unguwa an ce su nuna wanda zai riƙe amana da wanda zai ci, da yawa da sun nuna a juye. Mutum kamar goro yake, sai ka ga bayansa ja wur, ka fasa ka tarar sankara ta gama da cikinsa, wani kuma ya yanƙwane a ido amma cikinsa lafiya lau.

Da Nijeriya ta kori baƙi a 1983 zamanin Shagari, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka dawo, su ma haka suka baro shaguna da kekunan ɗinki a hannun abokai a Legas. Kowane ɓangare ya ɗanɗana.

Ɗan Hamburg:
Salam ga kowa. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, yau kam dole. Ni abin da Baba Alhaji yake faɗa a jikina na gani. Ina ɗaukar kaya a sito cikin sanyin Jamus, ina hana cikina, ina turo wa abokin da muka yi makarantar allo tare kuɗi ya gina mini gida a wajen gari. Yana turo mini hotuna, ga bulo ya kai linta, ga an buga kwano. Da na sauka Kumasi na tarar da harsashi ciyawa ta rufe shi. Hotunan ginin wani ne. Ina da rasit na kowane kuɗi da na turo, amma rasit yana nuna an tura ne kawai, ba ya nuna don me aka tura. Ya ce wasu kyauta na ba shi, wasu ya yi wa mahaifiyata hidima da su.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai ba shi ne ba. Dattawa suka zauna, aka ce in rufa masa asiri, kada in kai ɗan'uwa Musulmi kotu, in bar wa Allah. Shi yana nan yana yawo da babbar riga, ni ne na zama mai taurin zuciya. Tun daga nan na daina yarda da kowa. Ba wanda ya san kowa, jama'a. Kowa jira yake dama ta samu.

Alhaji Mai Goro:
Allah ya mayar maka da alheri ɗana. Dattawan nan ba su yi maka adalci ba, kuma zan faɗa ko a gabansu. A da in an ce a rufa asiri, dangin mai laifi ne suke haɗa kuɗi su biya cikin dare, kafin gari ya ji. Ba a taɓa ɗora wa wanda aka cuta nauyin rufin ba. Haƙƙinka yana nan, yafewa kuma taka ce, ba mai tilasta maka.

Direban Bawku:
Ɗan'uwa na Hamburg, wallahi na ji zafin abin da aka yi maka, kuma ba zan kare mutumin nan ba. Amma cewa ba wanda ya san kowa, kowa jira yake, nan ban bi ka ba.

Malam ya kawo maganar tafiya. Ni na yi tafiyar da ta fi kowace tafiya tona asirin mutum. Ina saurayi na bi ta Agadas zuwa Libiya, a bayan mota, ta Dirku har Sabha. Mota ta lalace mana a sahara, ruwa ya yi ƙasa. Akwai wani ɗan unguwarmu da muka taso tare daga Kumasi, na gan shi da idona yana ɓoye jarkarsa a ƙarƙashin riga, na roƙe shi kurɓi ɗaya ya ce babu. Na ƙudura a raina in Allah ya fitar da mu ni da shi har abada. Bayan mun isa, ciwo ya kwantar da ni, ba aiki ba kuɗi, ba asibitin da baƙo marar takarda zai tunkara. Wannan mutumin shi ya riƙa fita aikin gini ya dawo ya ciyar da ni, ya biya mini kuɗin ɗaki, ya wanke mini kaya, har na miƙe. Bai taɓa tayar da maganar ruwan ba, ni ma ban tayar ba.

To ku faɗa mini, wanne ne shi? Na sahara ko na Sabha? In da na yanke hukunci da ranar ƙishirwa kaɗai da na yi asarar mutumin da yau shi ne waliyyin 'yata in ba na nan. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Na yarda da gwajin Sayyidina Umar, amma gwaji ɗaya ba ya ƙare sanin mutum. Kuma yarda dole wani ya fara bayar da ita kafin ya ga hujja, in ba haka ba ba za a taɓa farawa ba.

Malamin Makaranta:
Wannan magana ce mai nauyi, Direba. Kuma tana tare da gargaɗin Suratul Hujurat a kan yawan zato da bin diddigin juna. Ɗan Hamburg, wanda ya cuce ka mutum ɗaya ne, kada ka ɗora wa Zango duka.

Ɗan Hamburg:
Allah gafarta Malam, na ji. Sai dai a cikinmu da ke waje ba ni kaɗai ba ne. Ku tambayi na Italiya da na Amurka.

'Yar Asawase:
Iyayena da yayyena, ku ba ni dama. Tun ɗazu tambaya ɗaya muke juyawa, ko abokina zai ci amanata. Ba wanda ya tambayi ko ni na san halin da abokina yake ciki.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Ina ganin maza da ake kawowa jini ya hau, ko sun daina barci, ko sun faɗi a kasuwa. Sai abokansu su zo dubiya su ce wallahi kullum muna tare, ba mu san yana cikin damuwa ba. Shekaru kuna shan ataya tare, kun san ƙungiyar ƙwallon da yake so, kun san jam'iyyarsa, amma ba ku san bashi ya kai masa wuya ba, ba ku san an kore shi daga aiki tun watanni yana fita da safe don kada matarsa ta gane ba. Me ya hana shi faɗa? Ya san in ya faɗa wa mutum ɗaya, kafin Isha an ji a Aboabo da Sabon Zango. Mu mata ma haka. Ki yi wa ƙawarki saƙon murya kina kuka a kan mijinki, ta tura wa wata, watan ta tura wa dangin mijin. Na san auren da ya mutu ta haka. Wannan cin amanar ba rasit, ba kotu, kuma a wurina ya fi na kuɗi muni, don kuɗi ana mayarwa.

Kuma in faɗa muku abin da nake gani a bakin gado. Idan aka ce ana neman jini, masu cika ɗaki da dubiya sukan ragu. Sau da yawa wanda zai naɗe hannun riga ba ya cikin waɗanda ake zato. Lokacin da mahaifiyata ta kwanta a asibitin Komfo Anokye, maƙwabciyarta a kasuwa, Ba'asantiya Kirista, ita ta kwana da mu, ita ta turo ɗanta ya ba da jini. Shekaru suna ajiye wa juna kuɗin ciniki in ɗaya za ta je salla ko ɗaya za ta je coci.

Malamin Makaranta:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Abin da aka faɗa maka a asirce amana ne ko ba a ce ka riƙe ba, hadisi ya nuna in mutum ya yi magana sannan ya waiwaya, to maganar amana ce. Tura saƙon muryar wani ba da izininsa ba yana cikin wannan.

Batun maƙwabciyar mahaifiyarki kuwa, ba baƙon abu ba ne a addini. Lokacin Hijira a 622 Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar Sayyidina Ali a Makka don ya mayar wa mutane ajiyarsu, kuma masu ajiyar nan da yawa ba su yi imani da shi ba, amma a wurinsa suke kai dukiyarsu. Jagoran da ya nuna musu hanya shi da Sayyidina Abubakar, Abdullahi bin Uraiƙiɗ, a lokacin ba Musulmi ba ne, aka ba shi amanar rayuka biyu. A ƙasar nan ma mun ga Babban Limami Shaihu Usman Nuhu Sharubutu ya shiga cocin Christ the King a Accra a 2019, lokacin cikarsa shekara 100, don ƙarfafa zaman tare.

Hajiya Mai Atamfa:
'Yata ta faɗi gaskiya, kuma ina so a raba mai cin amana da wanda ya gaza. A 2022 dala ta tashi daga wajen sidi 6 a farkon shekara ta haura 13 kafin ƙarshenta, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamba. Mu masu saro atamfa a Lome da sefa muke biya. Ka sayar da kaya yau, ka koma saro kuɗin bai kai rabin abin da ka kawo ba. Mata masu gaskiya da yawa jarinsu ya narke, suka kasa zubin susu, suka fara ɓuya. Ba ɓarayi ba ne, kunya ce. Wadda ta zo ta zauna ta ce Hajiya ga halin da nake ciki, mun ɗaga mata ƙafa har ta farfaɗo. Wadda ta kashe waya ta canza hanyar zuwa kasuwa, ita ce ta ɓata, ko da daga baya ta biya. Ni ɓuyar ta fi rashin biyan yi mini ciwo, don tana nufin ba ta yarda zan ji tausayinta ba.

Tela Aboabo:
Mama Hajiya, to wanda ya ba da rancen sidi 5,000 kafin faɗuwar kuɗin, aka mayar masa 5,000 bayan shekara biyu, ai ya yi asara. Allah gafarta Malam, ya halatta ya nemi ƙari?

Malamin Makaranta:
Abin da mafi yawan malamai suke kai shi ne a mayar da adadin da aka karɓa, sharɗanta ƙari riba ce. Amma wanda ake bi in ya ƙara da kansa, ba sharaɗi ba alkawari, wannan kyakkyawan biya ne, kuma hadisi ya yabi mai kyautata biyan bashi. Aboki na gari da ya san abin da ya faru da sidi zai duba wannan ba sai an roƙe shi ba. In kuma yana cikin ƙunci, aya ta 280 a Baƙara ta ce a jira shi har ya samu sauƙi, yafewa kuma ta fi.

Tela Aboabo:
Na gode. Akwai kuma wani sabon salo. Aboki ya ce ka yi masa rajistar layin waya da katin shaidarka na Ghana, ko ka ba shi lambar momo ɗinka, wato asusun kuɗi na waya, a turo masa kuɗi ta ciki.

'Yar Asawase:
Wannan kam Yaya Tela kada ka yi, ko ɗan uwa ɗaya ne. Duk abin da aka aikata da layin sunanka ne zai fito. Ka raka shi ya yi nasa.

Ɗan Hamburg:
Masu gini daga waje ku ji daga gare ni. Takardar fili da sunanka, ka sa a bincika a Hukumar Filaye kafin ka biya, don ana sayar da fili ɗaya wa mutum biyu. Mai riƙe kuɗi daban, mai duba aiki daban. Kowane turi ka rubuta a saƙo na mene ne, ya amsa. Kuma kiran bidiyo, yana tsaye a filin.

Direban Bawku:
To ga inda na tsaya. In ni ne mai karɓa, daga yau ni zan ce a rubuta, tunda Malam ya ce ayar ma wanda ake bi ta ɗora wa faɗa. Hakan ya sauke wa abokina nauyin tambaya. Amma in ni ne mai bayarwa ga aminina, har yanzu bakina ba zai iya ba. Zan ba shi abin da in bai dawo ba ba zai karya ni ba, in ya kawo na karɓa.

Hajiya Mai Atamfa:
To ɗana, ko ba ka sa shi ya sa hannu ba, ka sayi ɗan littafi ka rubuta da kanka, wannan rance ne, wannan kyauta ce, ka nuna wa maiɗakinka inda yake.

Malamin Makaranta:
Ka ji maganar Hajiya. Kana raye kuɗinka ne, kana iya yafewa. Ranar da ka rasu bashin ya zama haƙƙin magada, a cikinsu ana iya samun marayu ƙanana, kuma ba mai ikon yafe rabon maraya. In niyyarka yafewa ce, ka faɗa tun yanzu a gaban mutum biyu.

Direban Bawku:
Allah gafarta Malam, in na faɗa a gaban mutum biyu ai na tona masa asiri, an san ya ci bashina. Zan iya rubutawa ni kaɗai in sa hannu in ajiye, ya wadatar?

Malamin Makaranta:
Ya fi babu nesa ba kusa ba, musamman in iyalinka sun san rubutunka. Amma in magada suka yi gardama, shaidu ake nema. Ka zaɓi mutum biyu masu riƙe baki, ba dole su zama 'yan unguwarku ba. Ka same ni bayan La'asar gobe in nuna maka yadda ake rubuta shi.